ƘURAR SIMINTI DA LAFIYAR HUHU: DARASI DOMIN HAKIMAI DA MALAMANSU

Gabatarwa

An shirya wannan darasi domin Hakimai da malamansu, musamman waɗanda a ke da ma'aikatar siminti a ƙasarsu, da waɗanda samarin ƙasarsu su kan tafi irin waɗannan ma'aikatu neman abinci. Ba nufin darasin ne ya kushe sana'ar siminti ba, gama da siminti a ke gina asibiti da makaranta da gada, da shi kuma a ke ɗaure bakin rijiya. Amma kowace sana'a da irin haɗarinta. Maƙeri ya na tsoron wuta, masunci ya na tsoron ruwa, ma'aikacin siminti kuwa abin tsoronsa ƙura.

Wuta da ruwa nan take su ke yin ɓarnarsu, kowa ya gani. Ƙura kuwa a hankali ta ke cin mutum, sau da yawa ba ta bayyana sai bayan shekaru, sa'ad da ya bar aiki ya koma ƙauyensu. A lokacin nan ma'aikata ta manta da shi, likitan da zai duba shi bai san aikin da ya yi ba, shi kansa ma bai san mafarin ciwonsa ba. Wanda ya san shi, ya san ubansa, ya san kuma shekarar da ya tafi da shekarar da ya komo, shi ne mai unguwarsa da dagacinsa da Hakiminsa. Abin da ya sa ke nan wannan magana ta shafi sarakuna.

1. Inda a ke yin siminti

Irin simintin da a ke aiki da shi yau wani magini ne na birnin Leeds a Ingila, mai suna Joseph Aspdin, ya yi rajistarsa a 1824. A Nijeriya an fara yinsa a Nkalagu a 1957, sa'an nan a Ewekoro a 1960. A Arewa kuwa ma'aikatar farko ita ce ta Kalambaina kusa da Sakkwato, wadda aka kafa kamfaninta a 1962, ta fara fid da siminti a 1967. Ta Ashaka, wadda ke Jihar Gombe yanzu, ta biyo baya a 1979, ta Gboko a Jihar Binuwai a 1980, daga baya kuma aka gina ta Obajana a Jihar Kogi. A Jamhuriyar Nijar akwai ta Malbaza, ba nisa da Birnin Ƙonni.

Ba a cikin ma'aikata kaɗai a ke shaƙar wannan ƙura ba. Akwai 'yan lodi da ke sauke buhuna a kasuwa, da masu buga bulo, da birkiloli da leburorinsu, da masu fasa dutse a bakin gari. Saboda haka ko Hakimin da babu ma'aikata a ƙasarsa, da wuya a rasa masu wannan aiki cikin talakawansa.

2. Yadda a ke yin siminti, da inda ƙura ke tashi

Tushen siminti dutsen farar ƙasa ne da yumɓu. A kan fasa dutsen da nakiya a mahaƙa, a kwashe shi da manyan motoci zuwa injin farfasawa, a gauraya shi da yumɓu, a niƙa ya zama gari. Sa'an nan a zuba garin cikin wani dogon tanderu na ƙarfe mai juyawa, a toya shi da zafin da ya kai digiri 1,450, ga shi kuwa ruwa a digiri 100 ya ke tafasa. Abin da ke fitowa daga tanderun waɗansu dunƙule-dunƙule ne masu tauri da a ke kira kilinka. A kan sake niƙa kilinka tare da wani farin dutse mai laushi da a ke kira jifsam, wanda ke hana siminti saurin daskarewa, kāna a ɗura shi cikin buhuna masu nauyin kilo 50.

Duk inda aka fasa, ko aka niƙa, ko aka zuba, ko aka share, ƙura za ta tashi. Amma wuraren da ta fi yawa su ne mahaƙa, da injin farfasa dutse, da wurin ɗura buhu, da wurin lodi. Masu shara da masu gyaran inji su ma su na cikin waɗanda suka fi shaƙa, domin su ne ke shiga lungunan da gari ya taru. Sau da yawa kuwa waɗannan ayyuka su ne a ke ba leburorin wucin-gadi da 'yan kwangila ke ɗauka, watau waɗanda suka fi kowa ƙarancin albashi, suka fi kowa ƙarancin sanin haƙƙinsu.

Ƙurar nan iri biyu ce, ya kamata a bambanta su. Ta farko ita ce ƙurar siminti kansa, wadda ke da kaifi irin na ruwan toka in ta gamu da danshi. Ta biyu ita ce ƙurar wani sinadari da a ke kira silika, wanda ke cikin yashi da dutsen ƙanƙara da yawancin duwatsu masu tauri. Simintin da ke cikin buhu silikarsa mai cutarwa kaɗan ce. Inda a ke gamuwa da ita da yawa shi ne mahaƙa, da wurin niƙa ɗanyen dutse, da wurin yanka ko fasa busasshen kankare.

3. Yadda ƙura ke shiga jiki

Baligi ya kan shaƙi iska kamar lita 10,000 kowace rana, mai aikin ƙarfi kuwa ya fi haka, ya kan kuma yi numfashi ta baki in ya gaji. An halicci jiki da masu gadi a kan hanyar iska. Gashin hanci ya na tare manyan ƙwayoyin ƙura. Majinar da ke cikin maƙogwaro ta na kama matsakaita, waɗansu 'yan ƙananan gasu kuma su turo ta sama, mutum ya yi kaki ya tofar. Wannan shi ne baƙin kakin da lebura ke gani bayan ya tashi aiki.

Amma akwai ƙwayoyin da suka fi ƙarfin masu gadin nan. Masana su na auna ƙura da wani ma'auni da a ke kira maikiron, watau kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Kaurin gashin kan mutum kamar maikiron 70 ne. Ƙurar da ke wucewa har can ƙarshen huhu ba ta wuce maikiron 5 ba, ido ba ya ganin ƙwayarta, ta kan kuma daɗe ta na yawo cikin iska bayan wadda a ke gani ta kwanta. A ƙarshen huhu akwai miliyoyin 'yan jakunkuna masu laushi inda iska ke ratsawa ta shiga jini. In ƙwayar silika ta sauka nan, jiki ya kan yi ƙoƙarin cinye ta, ya kāsa, sai wurin ya yi tabo. Tabo kuwa ba ya numfashi. Yau kaɗan, gobe kaɗan, har huhu ya yi tauri kamar busasshiyar fata.

Abin lura shi ne, ɗakin da ido ya ga kamar babu ƙura ba lalle ne ya zama lafiyayye ba. Awo kaɗai ke nuna gaskiya.

4. Cututtukan da ƙura ke kawowa

(a) Kumburin hanci da maƙogwaro da ido. Wannan shi ne na farkon bayyana: atishawa, da ƙaiƙayin maƙoshi, da jan ido. Ya kan lafa in an huta, don haka a ke raina shi.

(b) Daɗaɗɗen tari mai majina da toshewar hanyoyin numfashi. Binciken likitoci a ƙasashe da dama ya nuna ma'aikatan da suka fi shaƙar ƙurar siminti sun fi sauran mutane yawan tari da haki, ƙarfin huhunsu kuma ya fi saurin raguwa. Mai cutar asma ciwonsa ya kan tsananta. Mai shan taba kuwa ya haɗa wa huhunsa maƙiya biyu.

(c) Cutar silika, wadda likitoci ke kira silikosis. Yawanci ta kan bayyana bayan shekara 10 ko fiye da fara aiki, amma in ƙurar ta yi yawa ƙwarai ta kan zo da wuri. Alamarta haki, da farko wajen aiki, daga baya har wajen tafiya masallaci. Ba ta da maganin warkewa, ta kan kuma ci gaba ko da mutum ya bar aikin. An daɗe da saninta: a 1930 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta kira babban taro a kanta a Johannesburg, saboda yadda ta ke kashe masu haƙar zinariya a Afirka ta Kudu. A 1997 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa ƙurar silika cikin abubuwan da aka tabbatar su na kawo ciwon dajin huhu.

(d) Tarin fuka. Ƙura ba ta haifar da shi, ƙwayar cuta ce ke kawo shi. Amma huhun da silika ta yi wa tabo ya fi lafiyayye saurin kamuwa, kamar ninki uku. Wannan kuwa ya shafi gida duka, gama tarin fuka ya na yaɗuwa daga maigida zuwa mata da 'ya'ya.

(e) Ƙunar fata da ido. Siminti in ya gamu da ruwa ko zufa ya kan ci fata sannu a hankali, ba tare da zafi da farko ba. Lebura ya kan wuni da shi cikin takalmi, da yamma ya tarar da gyambo. In ya faɗa ido, a wanke da ruwa mai tsabta ba tsayawa har minti 20, sa'an nan a garzaya asibiti.

5. Misali

A ce wani saurayi ya bar ƙauyensu ya na ɗan shekara 20, ɗan kwangila ya ɗauke shi aikin shara a gindin injin farfasa dutse. Ya yi shekara 12 ya na ɗaure hanci da tsumma. Ya tara abin da ya tara, ya komo gida ya yi aure, ya kama noma. Bayan damina uku sai a ga ba ya iya kai ƙarshen kunya sai ya tsaya ya dafa ƙugu. Waɗansu su ce sanyi ne, waɗansu su ce sammu. Ya sayar da akuya ya sayi magani a kasuwa, ya sayar da tunkiya ya kai wa mai magani. Ran da ya isa asibiti ba wanda ya tambaye shi aikin da ya taɓa yi, shi kuma bai ga dalilin faɗa ba. Ba shi da takardar da ke nuna ya yi aiki a ko'ina, ɗan kwangilar kuwa ya daɗe da barin garin.

Tun a 1700 wani likita na ƙasar Italiya, Bernardino Ramazzini, ya rubuta littafi a kan cututtukan masu sana'a, ya shawarci likitoci su riƙa tambayar kowane majiyyaci sana'ar da ya ke yi. Da an yi wa mutumin nan wannan tambaya, da kuma akwai littafi a ofishin Hakimi mai ɗauke da sunansa da shekarun aikinsa, da an gane ciwonsa da wuri, da kuma akwai madafa wajen neman haƙƙinsa.

6. Kurakuran da ya kamata a gyara

Na farko, cewa madara ta na wanke ƙura. Leburori da yawa sun gaskata wannan, har waɗansu su kan karɓi gwangwanin madara a maimakon kayan kariya. Madara abinci ce mai kyau, amma ciki ta ke tafiya, ƙura kuwa huhu ta shiga, hanyarsu ba ɗaya ba ce. Haka manja da tsamiya.

Na biyu, cewa hankici ko bakin rawani ya isa. Tsumma ya na tare ƙurar da ido ke gani, wadda dā ma hanci zai tare. Mai kisan kuwa ta na ratsa shi kamar yadda ruwa ke ratsa kwando.

Na uku, cewa wanda ya saba da hazon hunturu ƙura ba ta yi masa kome. Huhu ba ya sabawa da ƙura, tara ta ya ke yi. Hunturu ma ƙari ne a kan abin da lebura ke shaƙa a wurin aiki.

Na huɗu, cewa jarumi ba ya sa takunkumi. Ƙaƙƙarfan saurayi shi ya fi jan iska, saboda haka shi ya fi jan ƙura.

7. Rigakafi

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, a nan kuwa babu maganin ma sai rigakafin. Hanyoyinsa hawa-hawa ne, na farko ya fi na biyu, na biyu ya fi na uku.

Hawa na farko, a hana ƙura tashi. A rufe injuna da bel ɗin da ke jan dutse, a sa injin zuƙe ƙura daidai inda ta ke fitowa, a yayyafa ruwa a mahaƙa da hanyoyin motoci, a kuma gyara duk inda gari ke yoyo. Shara da busasshiyar tsintsiya, da kaɗe jiki da iskar inji, su na tā da ƙurar da ta riga ta kwanta. Injin zuƙa shi ne daidai.

Hawa na biyu, a rage zaman mutum cikin ƙura. A riƙa auna iskar wurin aiki, a riƙa juya ma'aikata, a keɓe wurin cin abinci da wurin salla nesa da gari, a tanadi wurin wanka da sake tufafi. Kada ma'aikaci ya tafi gida da kayan aiki a jikinsa, ya rungumi yara, matarsa ta kakkaɓe rigar a tsakar gida. Abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara a 2010 ya isa ishara. Can ƙurar gubar dalma ce daga niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje, ba ta siminti ba, amma ta hallaka yara wajen 400, ta nuna yadda ƙurar sana'a ke bin mutum har ɗakin 'ya'yansa.

Hawa na uku, kayan kariya: takunkumi mai matata na gaskiya, irin wanda ke da lambar N95 ko FFP2 ko abin da ya fi su, da tabarau, da safar hannu, da dogon takalmi. Takunkumi ba ya aiki sai ya kama fuska sarai, a kuma sake shi in ya toshe. Mai gemu irin wannan takunkumi ba ya kama fuskarsa da kyau, amma akwai wani iri mai kama da hula, mai rufe kai duka, wanda wani ɗan inji ke hura wa tatacciyar iska. Shi ya dace a nema masa.

Bayan waɗannan, wajibi ne likita ya duba ma'aikaci tun ran da aka ɗauke shi, a kuma riƙa maimaitawa lokaci-lokaci, da hoton ƙirji da awon ƙarfin huhu, wanda a ke yi ta hura iska cikin wani ɗan inji. A ba shi sakamakon ya adana.

8. Abin da doka ta ce

Dokar Masana'antu ta 1987 ta ɗora wa mai ma'aikata nauyin kāre ma'aikatansa daga shaƙar ƙura mai cutarwa, da ba su kayan kariya. Sufetocin masana'antu na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya su ne ke da ikon shiga su duba.

Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta haɗa da cututtukan da sana'a ke kawowa. Mai ɗaukar aiki shi ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da ya ke biya a asusun da hukumar NSITF ke riƙe da shi, ba a kuwa yanke wannan kuɗi daga albashin ma'aikaci. Dokar ta lissafta lebura na wucin-gadi cikin ma'aikata, ko da da baki aka ɗauke shi. Amma ta sa wa'adi: a kan shigar da neman diyya cikin shekara ɗaya daga aukuwar rauni, ko nakasa, ko rasuwa, sai in da wani uzuri na musamman. Jinkiri ya kan jawo asarar haƙƙi.

In ƙura ta na sauka a kan gidaje da gonaki da rijiyoyin maƙwabta, wannan ya shafi hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, da ma'aikatar muhalli ta jiha.

9. Aikin Hakimi da malaminsa

Hakimi ba sufeto ba ne, ba shi da ikon rufe ma'aikata. Amma ya na da abin da sufeto ba shi da shi, watau sanin mutanensa da jin maganarsa a wurinsu. Ga abin da a ke roƙo:

(1) Malamin Hakimi ya buɗe littafi na musamman. A rubuta sunan ma'aikaci da na ubansa da ƙauyensa, da wurin da ya ke aiki, da irin aikin, da sunan wanda ya ɗauke shi, kamfani ne ko ɗan kwangila, da shekarar farawa da ta bari. Dagatai da masu unguwanni su riƙa kawo sunaye. Wannan littafi amana ce, ba a karanta ciwon mutum a bainar jama'a.

(2) A gargaɗi kowane ma'aikaci ya adana katin aiki, da takardar albashi, da takardun asibiti, ko da ya bar aikin.

(3) Duk wanda ya yi tari mako biyu ko fiye, ko ya na zufar dare, ko ramewa, ko kakin jini, a tura shi asibiti ba da jinkiri ba. Gwaji da maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin Gwamnati, a kan kuwa sha maganin wata shida ba fashi. A ce masa ya gaya wa likita aikin da ya yi ko ba a tambaye shi ba.

(4) In shugabannin ma'aikata sun zo gaisuwa, ko neman fili, ko neman leburori, Hakimi ya tambaye su cikin mutunci: yaushe aka yi awon ƙura na ƙarshe, wa ke ba leburorin 'yan kwangila kayan kariya, wane likita ke duba su. Ma'aikatar da ke bin ƙa'ida ba za ta ji nauyin amsawa ba.

(5) Kukan jama'a a rubuta shi, da rana da wata da wurin da abin ya auku, a aika wa Majalisar Masarauta da Ƙaramar Hukuma da ofishin da abin ya shafa, a ajiye kwafi. Kada a rubuta jita-jita, sai abin da aka gani da ido.

(6) A nemi taimakon limamai da sarakunan sana'a, su bayyana wa masu buga bulo da 'yan lodi da masu fasa dutse abin da ke cikin wannan darasi, gama su ba su da likitan kamfani.

Saurayin da aka shigar da sunansa a littafi bana, wataƙila sai bayan shekara 15 za a bukaci shafin. Malamin da ya rubuta ya na iya zama ya bar aiki a lokacin, amma rubutunsa zai tsaya wa mutumin shaida a gaban likita da hukuma.

Tambayoyi domin bita

1. Waɗanne wurare ne ƙura ta fi yawa a ma'aikatar siminti, su wa kuma ke aiki a cikinsu?
2. Don me ƙurar da ido ba ya gani ta fi haɗari?
3. Mene ne dangantakar cutar silika da tarin fuka?
4. Yaya za a amsa wa leburan da ya ce madara ta ishe shi?
5. Waɗanne abubuwa za a rubuta a littafin ma'aikata na ofishin Hakimi?